Motar da Yaya Ya Bari a Kan Kututture

Daga Allah muka zo, wurinsa za mu koma, Yaya dai ya riga ni, kamar yadda ya riga ni a komai. Ya cika da hantsi aka kai shi bayan azahar, cikin kaka, auduga ta fara shigowa Funtua. Ni ƙanensa ne uwa ɗaya uba ɗaya, direba tun ina da baƙin gashi, yanzu kuwa bayana ya ƙi kujerar mota. Na zauna a ƙofar garejinsa ina karɓar gaisuwa har muryata ta dushe, kunnena kuma yana ɗaukar abin da ake faɗa a kansa. Shi ya sa na ce bari in tattara abin da na sani tun kafin ni ma a ɗauke ni, a wayi gari ba wanda ya san ko wane ne mai garejin nan.

Direbobin tasha ne suka fi yawa, kuma da wuya ka nuna ɗaya wanda Yaya bai taɓa yi wa tatas ba. Wani mai bin hanyar Malumfashi ya ce shi kam ya sha zagi a rumfar nan fiye da wanda ya sha a gidan ubansa, amma bai taɓa taka birki bayan Yaya ya taɓa mota gabansa ya faɗi ba. Wani ya ce Allah ya jiƙan mai faɗa, aka yi 'yar dariya, aka kuma shafa fatiha. Maƙwabcinmu mai shagon kayan gyara, Bayarabe ne Kirista, haifaffen garin nan, Hausarsa ta fi tawa daɗi, ya zo ya cire hula ya zauna a bakin tabarma. Ya ce tun da ya buɗe shago bai taɓa sayar wa Yaya abu ba tare da an dawo masa da rabi an ce jabu ne ba, yanzu wa zai riƙa ɓata masa rai da safe? Yana faɗa yana share ido da hular.

Wurin ya yi mana kaɗan, don tsohuwar motar Yaya ta cinye rabin inuwar rumfa, tana ɗage a kan kututturan kirya, tayoyinta na gaba suna lilo. 'Yan uwa suka ce a sauke ta a tura waje a samu wurin shimfiɗa. Na ce ba mai taɓa ta. Mamaci ya bar wasiyya, kada a sauke motar nan sai babban ɗansa ya zo ya duba birkin da hannunsa. Babban ɗan nan kuwa yana Kaduna, ya yi shekaru bai sa ƙafa a garejin ba, kuma har aka dawo daga maƙabarta ba a gan shi ba. Mutane suka kalli juna, kowa ya san zancen, aka ja tabarmi cikin rana.

Yaya makanike ne na komai, amma birki ya ɗauka sana'a. Yakan ce kowane jaki ya iya tayar da mota, tsayar da ita ne aiki. Yana saurayi ya yi yaron mota, ya kuma taɓa kwasar gawarwaki a wata gangara kan hanyar Malumfashi, ranar kasuwa, bayan birkin wata babbar mota ya tsinke. Bai taɓa ba ni labarin ba, daga bakin innarmu na ji cewa ya daɗe bayan nan ba ya iya cin nama.

Motar kuwa wani Bature ne injiniyan gidan gurzar auduga ya bar masa da zai koma ƙasarsu. Ƙirar Ingila ce, koriya, sitiyarinta a dama tun na kafin a sauya hannu. Birkinta na gaba ba irin na gangar da muka saba ba ne. Faifan ƙarfe ne ke juyawa da taya, sai wani muƙamuƙi da makanikai ke kira kalifa ya cije shi in an taka. Man birki yana zuwa wurin muƙamuƙin nan ta cikin tiyo, kuma dole tiyon ya zama mai lanƙwasuwa, tunda taya tana juyawa dama da hagu, tana kuma hawa da sauka a kan gargada. A cikin but ɗin motar Baturen ya bar wasu tiyo biyu sababbi masu rigar saƙaƙƙiyar waya, suna ƙyalli kamar munduwar amarya, ya ce su ne maganin tsakuwar hanyoyinmu. Yaya ya naɗe su a tsumma ya ɓoye, ya ce sai na robar sun gaji.

Na ga Yaya yana ɗaura tiyo sau ba adadi, don ni ne mai taka masa birki duk ranar da ba ni kan hanya. Kullum akwai guntun alli a naɗin hularsa. Kafin ya ɗaura, sai ya shimfiɗa tiyon a kan cinya ya ja masa layi miƙaƙƙe daga kai zuwa gindi. Ya fara ɗaure bakin da ke shiga kalifa, da sabuwar wosha ta jan ƙarfe mai hana yoyon mai, in babu sabuwa ya gasa tsohuwar a garwashin mai shayi har ta yi ja ta yi laushi. Sannan ya koma ɗaya bakin, sifana biyu a hannu, ɗaya tana riƙe ɗaya tana ɗaurewa, don kada tiyon ya bi notin ya murɗe. In ya gama ya dubi layin allin. In ya tafi sak, to. In ya karkace ko kaɗan, sai a kwance a sake, ko da mai mota yana tsaye yana tsaki.

Bayan nan ne wahalata ke farawa. In karya sitiyari har ƙarshe dama, ya zura yatsu biyu tsakanin tiyo da taya, tsakanin tiyo da sifirin. In karya hagu, ya sake zurawa. In yatsun ba su wuce ba, aiki bai yi ba. Sannan fitar da iska, yana kwance a ƙasa, ni ina kan kujera. Taka. Riƙe. Saki. Taka. Riƙe. Saki. Wallahi akwai ranar da na sauko ƙafata ta dama ba ta jin ƙasa. In na saki kafin ya ce, sai iska ta koma, sai in ji ya kira ni da sunan da innarmu ke kirana in na yi fitsarin kwance, ni da nake da jikoki.

In an sauke mota kuma sai ya nemi mai nauyi ya hau gabanta ya yi ta dannawa, shi yana leƙen yadda tiyo ke motsi. Wani Alhaji dillalin auduga, mutum mai tumbi da babbar riga, ya taɓa kawo motarsa, Yaya ya dube shi sama da ƙasa ya ce Alhaji Allah ne ya kawo ka, hau nan. Haka Alhajin nan ya zauna a kan motarsa yana sukuwa, yara na dariya, Yaya ko murmushi. Da aka gama Alhaji ya ce bai taɓa biyan kuɗi aka kuma sa shi aiki ba sai yau, amma bai sake kai mota wani wuri ba.

Yakan ce tiyo kamar mutum yake, in ka murɗe shi ba zai ce maka komai ba, sai ranar da kake buƙatarsa. Na sha tuna masa maganar nan daga baya, a zuciyata dai, don ban isa in faɗa masa a fuska ba.

A rana ta biyu ta zaman makoki wani makanike na bakin kasuwa, wanda kowa ya ɗauka abokin gabar Yaya ne, ya matso kusa da ni ya faɗa mini abin da ban sani ba. Ya ce yana sabon buɗe gareji ya taɓa ɗaura wa motar wani babban mutum tiyo, taya ta riƙa gogarsa har ya kusa hujewa. Mai motar ya kai wa Yaya. Yaya ya gyara, ya ce wa mai motar hanya ce ta ci, bai ambaci kowa ba. Washegari da sassafe ya taka har bakin kasuwa, ya miƙa masa cinyayyen tiyon a naɗe cikin takarda, tare da guntun alli, ya juya ya tafi. Mutumin ya ce da Yaya ya buɗe baki a ranar, da yanzu dako yake yi a tasha. Na ce Allah Sarki. Raina kuwa ɓaci ya yi, don na tuna wanda bai samu wannan rufin asirin ba.

Babban ɗansa ɗan fari ne, kuma Yaya mutumin da ne, mai alkunya har ta yi yawa. Bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa ɗaukarsa yana jariri ba, bai taɓa yaba masa a gaban mutane ba. Sai dai ya ce kai, ko wancan, shi ke nan. Yaron ya tashi a garejin, hannunsa ya fi na uban sauri, kunnensa na jin ciwon inji tun daga bakin titi. Yaya ya sani sarai. Ni yakan gaya wa, in mun keɓe, cewa wancan zai fi shi. Na ce to ka gaya masa mana. Ya ce in ji wa, a ina aka taɓa yi?

Ranar da abin ya faru ɗan ya riga ya zama magidanci, da mata da 'ya'ya biyu. Ana suna a dangin matarsa a Malumfashi, shi zai kai mata a koriyar mota. Yaya ya tafi gonarsa ta wajen Danja tun asuba. Ɗan ya duba ya ga tiyon roba sun kumbura sun tsattsage, ya ce ba zai ɗauki uwarsa a kan wannan ba, ya buɗe akwatin uban ya ɗauko masu rigar wayar nan ya ɗaura. Ni na taka masa. Ya yi sauri don rana na yi, bai ja alli ba, kuma ni ban ga laifin komai ba, birki ya kama tsaf.

Mata sun shiga sun zauna, uwarsa a gaba, matarsa da surukarsa a baya da ƙullin kayan barka a cinya, surukinsa namiji yana tsaye yana jiran a tashi, sai ga Yaya a kan keke. Ya ga tsumman a ƙasa. Ya durƙusa, ya ce in karya sitiyari. Na karya. Ya zura yatsu, ba su wuce ba. Tiyon ɓangaren direba ya murɗe, in an karya har ƙarshe yana shafar taya. Abin da za a kwance a daidaita kafin a gama shan fura ne. Yaya ya miƙe ya shiga rumfa, ya fito da almakashin yankan kwano, ya datse tiyon gida biyu, man birki ya tsiyaye a ƙasa kowa na kallo.

Ya ce, "Wannan ba gyara ba ne, haƙa kabari ne. Ku sauko."

Matan suka sauko ɗaya bayan ɗaya, surukar tana gyara mayafi tana kallon ƙasa. Suka tafi tasha suka hau motar haya. Ɗan yana tsaye, hannunsa duk mai, a gaban surukansa. Bai ɗaga ido ba. Kafin wata ya mutu ya kwashe iyalinsa ya koma Kaduna.

Na yi wa Yaya magana a ranar, iyakar abin da ƙane zai iya. Na ce gaskiyarka ce, amma gaskiya ma ana sa mata riga. Ya ce gara surukai su ga kunyar wancan da su ga gawar 'yarsu. Na ce ai da kwancewa ka yi. Ya ɗauki guntayen tiyon ya rataye a ƙusa. Da yamma ya ɗage motar a kan kututture. Mai shago ya kawo masa na roba masu kyau, Yaya ya ce ba ya so, irin wancan yake nema. Duk mun san ba tiyo yake jira ba.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Ɗan yakan zo da Sallah, ya durƙusa a zaure ya gai da uban, a ce lafiya, a ce madalla, ya shige wurin uwarsa. Gareji kuwa ko kallonsa ba ya yi. Ni na zama ɗan aike, na kai wannan magana na dawo da waccan, na ƙara gishiri inda ya kamata, duk a banza. Na gaji, wallahi na gaji da su biyun, hali ɗaya ne kamar an tsaga kara. Zamani kuma ya juya, kayan gyara suka yi wuya, direbobi suka koma ɗaure tiyo da igiyar roba suna cewa Allah ya kiyaye. Idon Yaya ya fara hazo, hannunsa ya fara rawa, masu kawo mota suka ragu. Kaji suka mai da ƙarƙashin koriyar mota wurin ƙwai. Duk da haka kowace Juma'a sai ya goge ta, ya tayar da injin ya saurara, ya kashe.

Da damina ta ƙarshe mai shago ya dawo daga Ikko da wani ƙunshi, ya ajiye a cinyar Yaya, ya ce ya gaji da ganin motar nan tana tare masa iska. Tiyo biyu ne masu rigar waya. Ashe duk tafiyar da zai yi sai ya nema, shekara da shekaru, bai gaya wa kowa ba. Yaya ya shafa su da yatsu, ya kai kusa da ido, ya ce da ganinsu jabu ne. Mai shago ya ce ya sani.

Yaya ya kwance kalifa biyun ya wanke, ya sauya musu robobi, abin da a da yake yi kafin azahar ya ɗauke shi kwanaki. Ranar ɗaura tiyo na zo zan taimaka ya kore ni, ya ce in ya buƙaci mai surutu zai aiko. Da na dawo ya gama, yana zaune a kan benci yana haki. Na ce in hau in taka? Ya ce a'a.

"Kada a sauke ta," ya ce, "sai mutumin Kaduna ya zo ya duba."

Na tsaya ina kallonsa. Yaya, wanda bai taɓa yarda wani mahaluki ya duba aikinsa ba. Na gane iyakar abin da bakinsa zai iya furtawa ke nan, kuma ya fi ƙarfin abin da na zata.

Na hau mota da bayan nan nawa na tafi Kaduna da kaina. Na same shi a garejinsa, babba, da yara a ƙarƙashinsa, na kuma lura da guntun alli a naɗin hularsa. Na isar da saƙo. Ya tambaye ni ko da bakinsa ya faɗa, na ce da bakinsa. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, sannan ya ce aiki ya yi masa yawa yanzu, in an kwana biyu zai shigo. Bai ce ba zai zo ba. Kwana biyun ne Allah bai ba su ba.

Ya iso ranar sadakar uku, da hantsi, don saƙon rasuwar ya same shi a makare, yana can wajen Lokoja ya bi wata mota da ta lalace. Ya gai da mutane, ya shiga wurin uwarsa, ya fito, aka raka shi maƙabarta ya dawo. Idonsa a bushe. Masu gaisuwa suna ta satar kallonsa suna kallon motar. Sai da aka yi la'asar jama'a suka ragu, ya miƙe ya cire riga ya ba ni, ya kori kaji, ya durƙusa a gaban tayar hagu.

Ya duba layin alli, ya tafi sak. Ya ce in karya sitiyari, na shiga na karya, ya zura yatsu biyu suka wuce. Ya zagayo ɓangaren direba, na leƙo ta taga. Ko ni da ba makanike ba na gani. Layin allin ya naɗe tiyon kamar igiyar rake, kuma da na karya har ƙarshe sai da waya ta shafi taya. Wuri ɗaya da na ɗan a wancan karon, kuskure iri ɗaya. Har yau ban sani ba ko idon Yaya ne ya gaza, ko da gangan ya bar masa. Ni dai na san yatsun Yaya ba su makance ba.

Almakashin yankan kwano yana nan rataye a ƙusa, kusa da guntayen tsohon tiyon, ya kuma gan su. Mai shago da makaniken bakin kasuwa suka taso za su leƙa. Sai ya gyara zama, ya tare tayar da bayansa, ya ce a miƙo masa sifana biyu. Wani daga kan tabarma ya tambaya ko an samu matsala ne.

Ya ce, "Aikin Baba ne. Ƙarasawa kawai zan yi."

Ya sassauta notin sama, ya juya tiyon a hankali har layin ya miƙe, ya riƙe da ɗaya ya ɗaure da ɗaya. Ya zura yatsu suka wuce. Ya zuba mai, ya shimfiɗa buhu, ya kwanta a ƙarƙashin motar inda ubansa ke kwanciya, ƙafafunsa kaɗai nake gani.

"Baffa, taka."

Na taka.

"Riƙe."

Na riƙe. Na jira in ji saki, ban ji ba. Sai na ji motar tana ɗan motsi a kan kututture, na ji wani sauti daga ƙasa, irin na babban mutum da ya cusa tsumma a baki don kada a ji shi. A nan, ƙafata a kan birki, na yi wa Yaya addu'ar da na kasa haɗawa a bakin kabari. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa zafin bakinsa saboda rayukan da ya tsare, ya sa ya huta, ya haɗa shi da ɗansa inda babu kunya tsakanin uba da ɗan fari. Cinyata ta ɗauki rawa, bayana ya riƙe, zufa ta jiƙa mini riga. Ban ɗaga ƙafa ba, tunda ba a ce in saki ba.